Manhajar Makarantun Nazare: Asalinta Da Halin Da Ta Shiga

A cikin watan Nuwamba na 2025 ne Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a wajen wani taro da aka yi a Abuja cewa gwamnati ta soke tsarin nan na koyar da yara da harshen gida, kuma Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har zuwa jami'a. Hujjar da ya kawo ita ce, wai a sassan ƙasar nan da suka fi riƙo da harshen gida a aji, nan ne aka fi samun faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Tsarin da aka soke ɗin bai cika shekara uku ba, gama a ƙarshen watan Nuwamba na 2022 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shi, lokacin da Malam Adamu Adamu yake riƙe da ma'aikatar, aka ce a koyar da yaro da harshensa a dukan shekaru shida na firamare.

Tun daga ranar aka yi ta muhawara a gidajen rediyo da jaridu, amma kusan duk maganar a kan firamare da sakandare ta tsaya. Ba a cika damuwa da 'yan ƙananan nan ba, 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda ake rataya wa jaka da sassafe a kai su nazare, alhali kuwa sanarwar daga kansu ta fara. Mu kam dole mu damu, domin da yawa daga cikin waɗannan makarantu a harabar majami'unmu suke, kwamitin ikkilisiya ne yake ɗaukar malamansu, 'ya'yanmu ne kuma suke zaune a kan bencinansu. Shi ya sa muka ga ya dace mu koma baya, mu duba inda manhajar waɗannan yara ta samo asali da yadda ta iso gare mu. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa tun farko a kan ƙafa biyu aka tsayar da ita, wato wasa da kuma harshen da yaro yake ji. Ƙafar harshe ce gwamnati ta cire a 2025. Ta wasa kuwa, iyaye da masu makarantu sun daɗe da karya ta, ba tare da wata sanarwa ba.

Kalmar nan Kindergarten da muke gani a allunan makarantu ta Jamusanci ce, ma'anarta lambun yara. Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Friedrich Froebel, ɗan wani fasto a ƙasar Jamus, wanda aka haifa a 1782, mahaifiyarsa kuma ta rasu tun bai cika shekara ɗaya ba. A 1837 ya buɗe wani wurin wasa da ayyukan hannu domin ƙananan yara a garin Blankenburg, a 1840 ya raɗa masa wannan suna. Abin da yake nufi da lambu shi ne, yaro kamar shuka yake, aikin malami kuwa irin na mai lambu ne, ya ba da ruwa, ya cire ciyawa, ya jira, gama ba a jan ganyen shuka da hannu domin ta yi saurin tsawo.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sakin yara kawai Froebel ya yi su yi ta guje-guje. Ya tsara kayan wasa daki-daki, ya kira su kyautai. Kyauta ta fari ƙwallaye shida ne na ulu, masu laushi, kowace da launinta. Ta biyu 'yan katako uku ne, ɗaya mai siffar ƙwallo, ɗaya mai siffar gwangwani, ɗaya kamar ƙwayar sukarin kwali. Ta uku kuwa irin wannan ƙwaya ce aka yanka ta gida takwas, yaro ya wargaza ya sake haɗawa, ya gina kujera ko ɗaki ko gada, ta haka ya gane rabi da kwata da hannunsa tun kafin wani ya faɗa masa sunayensu. Akwai waƙoƙi da wasannin yatsu, akwai naɗe takarda da saƙa da ginin yumɓu, kowane yaro kuma yana da 'yar gonarsa a cikin lambun makaranta. Wannan ita ce manhajar. Zaman koyon karatu da rubutu irin na firamare ba ya cikinta. Wani abin mamaki, a 1851 gwamnatin Furushiya ta haramta waɗannan makarantu, bisa zargin cewa suna shuka rashin tsoron Allah da ra'ayin tawaye. Froebel ya rasu a 1852 haramcin yana nan, sai a 1860 aka ɗage shi, a lokacin kuwa matan da ya horar sun riga sun kai aikin Ingila da Amurka.

Ɗaya sunan da muke yawan gani a alluna shi ne Montessori. Maria Montessori likita ce, tana cikin mata na farko da suka sami wannan shaida a Italiya. A watan Janairu na 1907 aka ba ta wani ɗaki a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Roma, domin ta tsare 'ya'yan leburori waɗanda iyayensu suke barinsu su tafi aiki, su kuwa su yi ta ɓata bangon gidajen haya. Ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yara, ta koya musu wanke hannu da shara da sa maɓalli da zuba ruwa ba tare da zubarwa ba. Sa'an nan ta yanka haruffa da samfefa, wato takardar nan mai kaushi ta kafintoci, yaro ya riƙa bin harafi da yatsa yana furta sautinsa. Ba a daɗe ba sai ga 'yan shekara huɗu da biyar suna rubuta kalmomi da kansu, labari ya bazu a duniya.

A nan akwai abin da masu sa sunanta a allo ba su cika lura da shi ba. Yaran Roma da Italiyanci suka koyi rubutu, harshen ƙasarsu, wanda kuma ake rubuta shi kusan yadda ake furta shi. Yaro ya san kalmar, ya ji sautukanta, abin da ya rage kawai ya ga siffar kowane sauti. Rubutun Hausa na boko haka yake, haka ma rubutun yawancin harsunanmu. Yaron da ya san b da a zai karanta baba a ranar nan, ya kuma san wanda ake nufi. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya yakan ɗauki sauti uku ko huɗu, har 'ya'yan Turawa ma sukan daɗe kafin su ƙware. To, ina ga yaron Zonkwa ko Biliri ko Garkida da bai taɓa jin kalmar ba? An haɗa masa wahala biyu ke nan a lokaci guda, ta gane rubutu da ta gane harshe, shi ya sa yake komawa ga hadda.

Sunan nazare kansa daga Ingila ya zo. Wasu mata biyu 'yan'uwan juna, Rachel da Margaret McMillan, su suka yi fice da shi a makarantar da suka kafa a wata unguwar matalauta ta Landan a 1914, inda wanka da abinci da barcin rana da duba lafiya suka zama rabin aikin yini. Wato duka waɗannan mutane da muke aron sunayensu da kalmominsu, babu ko ɗaya da ya fara da jarrabawa.

A Nijeriya kuwa, makarantar boko ta farko da 'yan mishan na Methodist suka buɗe a Badagry a 1843 ita ma da sunan nazare aka kira ta, amma reno na ikkilisiya mai tasowa ake nufi, ba aji na 'yan shekara uku ba. A nan Arewa, tun kafin boko, maƙwabtanmu Musulmi suna da makarantar allo inda yaro yake fara zuwa tun yana ƙarami. Da boko ya zo, makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, makarantun mishan ma da Hausa ko harshen gari suke fara ajin farko, kamar yadda dattawanmu da suka yi karatu a wancan zamani za su shaida. Amma nazare irin ta yau, a zamanin Turawa abu ne na manyan birane da 'ya'yan manyan ma'aikata. Gwamnati ba ta sa hannu a ciki ba, ba ta kuma rubuta mata manhaja ba.

Sai bayan samun 'yancin kai aka fara tunanin abin. A watan Satumba na 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, inda aka gayyato malamai da iyaye da 'yan kasuwa da shugabannin addini su faɗi irin ilmin da suke so wa 'ya'yansu. Daga wannan taro, da wani da ya biyo baya a 1973 a ƙarƙashin Cif Simeon Adebo, aka sami kundin Manufar Ilmi ta Ƙasa na 1977. A cikinsa ne aka fara ware babi domin ilmin yara daga shekara uku zuwa biyar da ɗoriya. Muna roƙon kowane shugaban kwamitin makaranta ya nemi wannan babi ya karanta, gajere ne. Ya ce amfanin wannan mataki shi ne a sauƙaƙa wa yaro fita daga gida zuwa makaranta, a kula da shi yayin da iyaye suke gona ko kasuwa ko ofis, a koya masa zama da mutane da haɗa kai da tsabta, a tayar masa da son bincike ta wurin duba halitta da zane da kiɗa, a kuma nuna masa farkon lambobi da haruffa da launuka ta hanyar wasa. Ya ce gwamnati za ta tabbatar wasa ne babbar hanyar koyarwa, harshen koyarwa kuma ya zama harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke yi. Har alkawari aka yi cewa za a tsara ƙa'idojin rubutun ƙarin harsunan Nijeriya, a kuma buga littattafai da su. An sake bitar kundin a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, waɗannan abubuwa biyu suna nan ba a taɓa su ba.

A takarda dai babu abin kushewa. Matsalar tana cikin wani layi guda na wannan babi, inda gwamnati ta ce ita za ta ƙarfafa wa masu zaman kansu gwiwa ne su buɗe irin waɗannan makarantu. Ma'ana, ta faɗi yadda za a yi, amma ba za ta gina ba, ba za ta biya malami ba. A lokacin hankalinta duk yana kan shirin UPE na firamare kyauta da aka fara a 1976. Da shekarun 1980 suka zo da faɗuwar kuɗin mai da shirin SAP na 1986, makarantun gwamnati suka lalace, malamai suka yi ta yajin aiki saboda rashin albashi, sai iyaye masu ɗan hali suka juya ga makarantun kuɗi. Ikkilisiyoyi ma, waɗanda jihohi suka karɓe wa makarantu a shekarun 1970, ta wannan ƙofa ta nazare da firamare yawancinsu suka sake shigowa harkar ilmi.

To, makarantar da take rayuwa da kuɗin iyaye dole ta sayar da abin da iyaye za su iya gani da ido. Uban da ya biya kuɗin zango da gumin goshinsa, in ya tambayi ɗansa me aka yi yau, yaro ya ce mun yi wasa da yashi mun yi tatsuniya, gobe zai cire shi ya kai makarantar da ke kusa. Amma in yaro ya tsaya ƙyam ya jero jihohi 36 da manyan biranensu da Turanci, uba zai ce kuɗi ya yi amfani, ko da yaron bai san mene ne jiha ba. Ta haka manhajar gaskiya ta nazare ta zama wadda kasuwa ta rubuta: littattafan kamfanoni cike da jaka, aikin gida ga ɗan shekara uku wanda yatsunsa ba su gama ƙwari ba, jarrabawar ƙarshen zango da na ɗaya da na ƙarshe, bulala ko tara ga wanda ya yi yaren gida, sa'an nan bikin yaye da doguwar riga da hular 'yan jami'a. Iyaye sukan kare wannan da karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa yin baka ko kwando ya san ɗanyen icce a hankali ake lanƙwasa shi, in aka matsa sai ya tsage.

Ba za a ce gwamnati ta yi barci gaba ɗaya ba. A 1988 aka kafa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya, wato NERDC, wadda aikinta ne rubuta manhaja. Taron duniya na Jomtien a ƙasar Tailan a 1990 ya jaddada cewa koyo daga haihuwa yake farawa, na Dakar a 2000 kuma ya sa kula da ƙananan yara a matsayin buri na farko. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta kuma shigar da ilmin ƙananan yara cikinsa, ko da yake a tsarin rabon da aka fara da shi kashi 5 cikin 100 kacal aka ba wannan sashe. A 2007 aka fito da manufar ƙasa ta renon ƙananan yara, tare da manhajar NERDC ta 'yan shekara biyar zuwa ƙasa, wadda aka shirya da taimakon UNICEF. Wannan manhaja ta koma kan tafarkin matan nan na Landan, domin bayan bunƙasar jiki da tunani da hali, ta haɗa da abinci mai gina jiki, da lafiya, da ruwa da tsabtar muhalli, da kare yaro daga haɗari da cin zarafi. Bitar 2013 kuma ta ƙara shekara ɗaya ta share fage ga 'yan shekara biyar a cikin ilmin tilas kuma kyauta, aka ce makarantun firamare na gwamnati su buɗe wannan aji.

Amma manhaja ba ta koyar da kanta. Kundin 2004 ya ce malami ɗaya ga yara 25. Mai karatu ya leƙa ajin share fage na makarantar gwamnati da ke unguwarsa ya ƙirga da kansa. Sau da yawa malamin da aka rasa inda za a kai shi, ko wadda ta kusa ritaya, ita ake tura wa wannan aji, a makarantun kuɗi kuma yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamako. Koyarwa ta hanyar wasa ta fi koyarwa ta hadda wuya nesa ba kusa ba, gama tana bukatar malamin da ya san dalilin kowane wasa, yana kuma lura da kowane yaro. Malami ɗaya a gaban yara sittin ba shi da wata dabara sai ya sa su maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi.

Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka da ake yawan kafa hujja da shi wajen nuna amfanin nazare, wato na makarantar Perry a jihar Mishigan, daga 1962 zuwa 1967. An ɗauki 'ya'yan talakawa baƙar fata 123, aka sa 58 a makarantar, sauran ba a sa su ba, aka yi ta bin rayuwarsu har suka kai shekara 40. Waɗanda suka shiga sun fi gama sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma kashi 36 cikin 100 ne a cikinsu aka kama sau biyar ko fiye, a ɗaya rukunin kuwa kashi 55. Sai dai masu kawo wannan labari sukan manta da yadda makarantar take. Awa biyu da rabi kawai ake yi da safe, yaro ne yake zaɓar abin da zai yi, ya yi, sa'an nan ya ba da labarinsa, malami ɗaya yana da yara biyar ko shida, kuma kowane mako yakan ziyarci uwar yaro a gida. Irin wannan nazare ce ta ba da wancan sakamako. Ɗaki mai zafi da yara suke yini suna rera haruffa ba shi da rabo a wannan yabo.

Mu dawo ga sanarwar Nuwamba. Adalci ne mu yarda cewa minista ya taɓo matsaloli na gaske. Harsunan ƙasar nan sun haura 500, yawancinsu ba su da littattafan makaranta, ba a horar da malamai su koyar da su ba, jarrabawa duka da Turanci ake yi, kuma babu uban da yake so ɗansa ya tashi ba ya jin harshen da ake neman aiki da shi. Amma a ɗora faɗuwar WAEC a kan tsarin 2022, a ganinmu an bar jaki ne ana dukan taiki. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare bayan an amince da tsarin, a 2025 bai wuce aji uku ba, ina shi ina WAEC? Tsarin 1977 ma da ya riga shi, wanda ya ce a fara da harshen gida a azuzuwan farko, ba a taɓa ba shi littattafai da malamai yadda ya kamata ba. Abin da yake faruwa a makarantun karkara shi ne, littafi na Turanci ne, malami bai ƙware a Turancin ba, sai ya karanta layi ya fassara da Hausa yadda ya iya, yaro ya fita bai iya karanta ko ɗaya ba. Wannan rashin tsari ne, kuskure ne a kira shi koyarwa da harshen gida.

Wurin da aka gwada abin da gaske a ƙasar nan, sakamakon dabam ya fito. Daga 1970, Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a makarantar St. Stephen da ke Modakeke, inda aka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarbanci har shekara shida, lissafi da kimiyya duka, aka kuma ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Sun rubuta littattafai, sun ƙirƙiro kalmomi, sun horar da malamai. Da aka gwada su da 'yan'uwansu da aka juya wa Turanci tun daga tsakiyar firamare, ba su gaza ba, a darussa da dama ma sun fi, kuma Turancinsu bai yi ƙasa ba. Fafunwa ya zama Ministan Ilmi daga 1990 zuwa 1992, amma duk da haka gwajin nasa bai zama tsarin ƙasa ba. Maƙwabciyarmu Ghana, wadda ta shigar da shekara biyu na share fage cikin ilmin tilas tun gyaran da ta yi a 2007, a watan Oktoba na 2025 ministanta na ilmi, Haruna Iddrisu, ya ba da umurnin a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen gida. Makonni kaɗan ne tsakanin sanarwarsa da ta Abuja, kowa ya nufi gabas da yamma.

Akwai wata tambaya da ta fi shafarmu fiye da Bayarben Ife ko Bahaushen Katsina, kuma ba daidai ba ne mu kauce mata. In an ce harshen gida, wanne ke nan a aji guda a Jos ko Kafanchan ko Numan, inda za a sami ɗan Berom da ɗan Ngas da ɗan Bajju da ɗan Bachama da ɗan Igbo a benci ɗaya? Kundin 1977 ya amsa da cewa a yi amfani da harshen da jama'ar wurin suke yi, wanda a yawancin garuruwanmu Hausa ce. Mun san akwai 'yan'uwa da wannan bai yi musu daɗi ba, suna ganin Hausa ta riga ta cinye harsunan kakanninsu, har wasu suka yi murna da sanarwar Turanci saboda wannan dalili. Damuwarsu tana da tushe. Amma a duba da kyau, sanarwar ba ta ba Tyap ko Bura ko Tangale komi ba, ta dai rufe ƙofar da dā take buɗe musu a takarda. A ƙauyen da kowa yake yin yare ɗaya, dā doka tana bayan malamar da ta koyar da yaren. A gari kuwa, yaron da yake wasa da Hausa a layi, yake jin wa'azi da Hausa ran Lahadi, ya fi kusa da fahimta in an fara masa da ita, a kan harshen da sai a talabijin yake jinsa.

Abin da ya rage a hannun masu makarantu ba kaɗan ba ne. Sanarwar ta shafi harshen koyarwa, ba ta soke wasa ba, ba ta kuma ce a yi wa ɗan shekara uku jarrabawa ba. Kayan Froebel ba sai an sayo daga waje ba, kafintan ikkilisiya zai yanka su daga guntayen katako a yini ɗaya, ga tsakuwa da marafan kwalba domin ƙirga, ga karan dawa da yara suke ƙera mota da shi, ga yumɓu a bakin rafi. Tatsuniya da kacici-kacici da gaɗa da 'yar carafke duk darussa ne na harshe da lissafi da jiran layi, tsofaffin matan zumunta kuwa sun fi kowace malama saninsu. Ko a ajin da aka ce Turanci ne harshen koyarwa, babu malama mai hankali da za ta rarrashi yaro mai kuka da harshen da ba ya ji. Abin da ya fi wuya shi ne kuɗi, domin rage yawan yara a aji yana nufin ƙarin malamai, tura malama ta yi kwas na ilmin ƙananan yara a kwalejin ilmi yana nufin biyanta albashin da zai sa ta dawo. Kwamitin da yake kallon nazare a matsayin hanyar samun kuɗin ginin majami'a ba zai so jin wannan ba, sai fa in iyaye sun tashi a taron ikkilisiya sun nemi a nuna musu yadda ake kashe kuɗin makaranta.

Sa'an nan ga alkawarin nan na 1977 na tsara rubutun harsuna da buga littattafai. A harsunanmu da dama na tsakiyar ƙasa, masu fassarar Littafi Mai Tsarki ne suka yi wannan aiki, irin su cibiyar fassara ta NBTT da ke Jos da kwamitocin harsuna na garuruwa, su suka zauna da dattawa suka daidaita haruffa, suka buga 'yan littattafan koyon karatu. Yawancin waɗannan domin manya aka yi su, masu son karanta Sabon Alkawari da harshensu. Littafin hotuna mai manyan haruffa da gajerun labarai domin ɗan shekara huɗu ko biyar shi ne ya yi ƙaranci, kuma bayan sanarwar Nuwamba 2025 babu dalilin sa ran ma'aikatar ilmi za ta buga shi.